Kunnuwan Kawu: littafin aikin ciyar da ma'aunan garka da wuta

16 ga Nuwamba 2024

Yau muka kafa ma'auni na ƙarshe, sun cika goma sha huɗu. Garkar Kawu ce, a kwarin da ke bayan Miriya, kamar kilomita 18 gabas da Damagaram. Goma sha biyu sun cusa hanci cikin fangalin albasa da tumatir suna auna damshi, biyu kuma na rataye a bakin rijiya suna duba yadda ruwa ke ja da baya in an tada inji. Kowanne ɗan akwatin roba ne da bai fi sabulun wanki biyu girma ba. A ciki akwai ƙwaƙwalwa ESP32, da ɗan rediyon LoRa mai aika gajerun saƙonni nesa da wuta kaɗan, da batir guda irin wanda ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta, 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Duk rabin awa sai ya farka, ya auna, ya aika wa uwarsu, wato akwatin da ke tattara saƙonninsu a kan rufin ɗakin mai gadi, ya koma barci. Uwar kaɗai ke da layin salula, ita ke turo mini lissafin har shagona kusa da Kasuwar Dole.

Kawu ya riƙe ƙugu yana kallonmu, can ya ce, "To ɗana, kunnuwan nan naka, wa zai riƙa ba su abinci?" Sunan ya bi su, yanzu har yaran garka kunnuwa suke ce musu. Tambayar tasa ce ta sa na buɗe wannan littafi. Duk zuwana garka sai na rufe shago rabin yini, na kuma zuba wa babur mai. In har kowane mako sai na zo canza batir, to gara Kawu ya ci gaba da tura yatsa cikin ƙasa kamar yadda ya saba tun ban san hagu da dama ba.

Tara na sa wa ƙaramin pano mai wat 1. Biyar na can ƙarshen garka ba su da shi. Rijiyoyin biyu ƙarƙashin mangwaro suke, inuwa daga safe har yamma. Sauran ukun Kawu ne ya hana, ya ce pano mai walƙiya a bakin shinge kiran ɓarawo ne. Ban ja da shi ba.

23 ga Nuwamba

Mako guda cif, biyar ɗin nan duk sun yi shiru. Na kwaso su na kawo shago.

24 ga Nuwamba

Na jona mita tsakanin batir da akwati, na jira ya yi barci. Miliamper 13. A barci fa. Takardar masana'anta ta ce ita ƙwaƙwalwar kanta in ta yi barci mai nauyi ba ta shan abin da ya wuce kamar miliamper 0.01, wato akwatina na shan fiye da ninki dubu na abin da ya kamata. In ka ninka 13 sau awa 24 ka sami 312 mAh a yini (mAh miliamper ne sau awa, da shi ake auna yawan wutar batir), batir ɗin kuwa da ƙyar yake ɗaukar 2000. Kwana shida da 'yan awoyi. Lissafi bai yi ƙarya ba, ni ne ban yi shi da wuri ba.

Ɓarayin huɗu ne, duk a cikin gida. Ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta a kan farantin, AMS1117, shi kaɗai yana shan kusan miliamper 5 ko ana aiki ko ba a yi. Ga jar fitila da ba ta mutuwa dare da rana, ga ɗan guntun da ke magana da kwamfuta ta USB, wanda ba shi da wani amfani a garka. Na huɗu kuma laifina ne: na haɗa ma'aunin damshin kai tsaye da wuta, yana ta aunawa ba wanda ya tambaye shi, wasu miliamper 5 ke nan.

Da na je garka ina tunanin ƙara girman pano ne. Mutumin Damagaram dai ya san randa mai tsaga: ko 'yan garuwa goma suka yi layi a ƙofar gidanka, da asuba za ka tarar da ita wayam. Na kunna ƙarfen sudir na cire fitilar da guntun USB, na maye AMS1117 da HT7333 wanda abin da yake sha bai taka kara ya karya ba, ma'aunin damshi kuma yanzu ƙwaƙwalwa ce ke ba shi wuta in ta farka, ta ɗauke in ta gama.

7 ga Disamba

Duka goma sha huɗun sun sha wannan tiyata. Barci ya koma miliamper 0.05. Farkawa daƙiƙa uku ce, sau 48 a yini. In aka haɗa, masu auna ƙasa na cin abin da bai kai 5 mAh ba a yini, abin da a da suke cinyewa cikin minti ashirin da 'yan kai. Waɗannan na iya wata da watanni ba a waiwaye su ba.

Na rijiya dabam suke. Suna harba sauti ne ƙasa su saurari dawowarsa, suna son bolt 5, kuma in inji na aiki sai sun auna duk minti biyu, don abin da Kawu ya fi tsoro shi ne ruwa ya ƙare injin ya ci gaba da zuƙar iska. Suna cin kamar 60 a yini. Ga su kuma a inuwa.

14 ga Disamba

Na sayo batir shida sababbi ful a wurin wani mai tebur, ja da zane-zanen wuta, an rubuta 9900 mAh. Na san 18650 na gaskiya ba ya wuce 3500 da wani abin kirki, amma araha ta ja ni. Da na ɗauka a hannu sai na ji kamar bawon gyaɗa. Na tsallaka wurin maƙerin azurfa na ari sikelinsa: na gaskiya yakan kai giram 45, waɗannan ba su kai 30 ba. Na cika ɗaya na juye shi ta mita, bai ba da 600 ba. Tsofaffin da nake cirowa daga matattun kwamfutoci sun ninka shi uku. Jaka uku ta tafi, na sa su cikin cocilan yara.

4 ga Janairu 2025

Hunturu ya kankama. Kwana biyar ke nan rana kamar farin faifai, kana iya kallonta ido buɗe. Kunnuwa lamba 6 da lamba 7 sun faɗi, kuma da suka faɗi sai biyar na ƙarshen garka suka ɓace tare da su, alhali batir ɗinsu lafiya lau.

Ga yadda abin yake. LoRa na iya tafiyar kilomitoci in fili ne, amma tsakanin ƙarshen garka da ɗakin mai gadi akwai tudu da jerin mangwaro, kunnuwan kuma dab da ƙasa suke. Sai na sa 6 da 7 su zama 'yan aike, su karɓi saƙon na nesa su miƙa wa uwa. Ɗan aike kuwa ba ya barci, don bai san lokacin da za a kira shi ba. Saurare kawai, ba magana, rediyon na shan kamar miliamper 11. A yini sun haura 300. A Nuwamba pano mai tsabta yana ba su ninki biyu na haka, shi ya sa ban lura ba. Yanzu ga hazo a sama, ga ƙura ta kwanta a kan gilashi har ana iya rubuta suna da yatsa, ga kashin tsuntsu a kan na lamba 7. Ƙananan gidajen pano a jere suke kamar carbi, in aka rufe ɗaya sai ya shaƙe wa sauran hanya. Na auna kafin in goge, na auna bayan na goge da tsumma, allura ta kusa ninkawa.

Autan Kawu ya karɓi aikin tsumma, safiya biyu a mako. Ladansa kuɗin kati.

11 ga Janairu

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou da ke kawo mini gyaran waya ya ga akwatunan a kan tebur, hira ta ɓarke har la'asar. Ya ce, "Malam, abin da ya same ka sananne ne, na kusa da uwa ne ke fara mutuwa, don kayan kowa a kansu yake bi." Ya ba ni labarin wani tsari da aka fitar a jami'ar MIT ta Amurka a shekarar 2000, LEACH, inda ake yin karɓa-karɓa da shugabanci: yau wannan ne ke tattara saƙon 'yan unguwarsa, gobe wani, don kada nauyi ya karya mutum ɗaya. Kamar adashi, na ce. Ya yi dariya ya ce kusan haka.

Na ɗauki rabin shawarar. Yanzu 5, 6, 7 da 8 ne ke juya aikin aike, wanda batir ɗinsa ya fi ƙarfi shi ke ɗauka. Rabin da ya fi amfani kuma shi ne yin alkawarin lokaci: kowa ya farka tare, a yi magana cikin daƙiƙa biyar, kowa ya kwanta, har ɗan aiken. Sai dai agogon cikin ESP32 ba abin dogara ba ne, sanyin asuba da zafin rana na sa shi gudu ko ja da baya, kwana biyu sai ka ga wani ya farka bayan an tashi daga taro. Na ƙara wa kowanne ɗan agogo DS3231, mai gyara kansa gwargwadon zafi, wanda kuskurensa a shekara bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Cin ɗan aike ya sauko daga 300 zuwa ƙasa da 15.

18 ga Janairu

Mai gadi yana shan shayi yana kallona ina fama da kwamfuta a kan tabarma, ya ce, "Maigida, in ba a jin mutum daga nesa ai sama yake hawa. Ladan ma haka yake yi." Muka samo gora mai mita biyar muka ɗaure eriyar uwa a kanta. Uku daga cikin biyar na nesa yanzu uwa na jinsu kai tsaye, ba ɗan aike. Mako biyu na yi ina rubuta lissafi, gora ta jaka ɗaya ta yi fiye da rabinsa cikin minti ashirin. Na sha shayin ban ce komai ba.

8 ga Fabrairu

Saura na inuwa, musamman rijiyoyin nan masu ci. Ɗalibin nan ya dawo da takardu a wayarsa. A ƙasashen da ake binciken abin, wata 'yar mota ce ko jirgi marar matuƙi ke zagayawa tana tsayawa kusa da kowane akwati tana hura masa wuta ta iska. Tushen wannan buri shi ne gwajin da aka yi a MIT a 2007, inda aka kunna ƙwan lantarki mai wat 60 daga nisan mita biyu ba waya, kusan kashi 40 cikin ɗari na wutar ya isa. Motar ba mu da ita. Muna da Auta, da silifa, da bankin caji biyu.

Amma cajin da ba waya ya ja hankalina saboda wani dalili na kusa. Duk buɗe akwati ƙura ce ke shiga, da kiyashi, kuma ramin USB da na bari a jikin ɗaya ya cika da yashi har filogi ba ya shiga. Sai na manna faifan karɓar caji irin na salula, Qi, a cikin murfi, na rufe akwatin ruf da gam. Auta ya ɗora faifan bayarwa a kai daga waje, ya danne da dutse. Kaurin murfin milimita biyu ne, wuta na ratsawa. In faifan ya goce ko da faɗin yatsa ne sai caji ya koma ɗumi kawai, don haka na zana da'ira da fenti. Na auna: kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar na ɓacewa a hanya. Na yarda da wannan asara, tunda bankunan a panon uwa ake cika su, rana ba ta aiko mana da takardar biya.

22 ga Fabrairu

Nan ne na fi daɗewa ina tunani, kuma 'yan garuwan unguwarmu ne suka warware mini. Wanda ya zauna a Damagaram, garin da ke kan dutse, ya san yadda bazara take da famfo. Ɗan garuwa mai wayo ba ya fara zuba wa gidan da ya fi kusa kullum, don na ƙarshen lungu zai mutu da ƙishi. Ba ya kuma tsallake gida biyar don ya kai wa wanda ya fi kuka ya dawo, don ƙafarsa za ta ƙare a hanya. Yana riƙe da lissafi a ka: randar wane babba ce amma gidan yara goma, ta wance ƙarama ce amma ita kaɗai ce. Ɗalibin ya ce ainihin abin da masu takardun ke gardama a kai ke nan, ko a fara da na kusa, ko a fara da wanda ajalinsa ya fi kusa.

Abin da na tsara ga shi. Kowane kunne na haɗo ƙarfin batir ɗinsa cikin saƙo. Uwa na raba abin da ya rage da abin da yake ci a yini, ta fitar da kwanakin da suka rage masa. Duk wanda ya yi ƙasa da kwana goma dole a je masa. Wanda ke kan hanyar zuwa kuma ya yi ƙasa da rabi, a ɗan tsaya masa. Sauran a wuce su ko sun yi kira.

Na biyu, an daina jiran randa ta cika. Da farko Auta na zama awa huɗu gindin akwati guda. Ba dalili. Faifan na ba da kamar miliamper 500, minti ashirin ya zuba 160 da wani abu, ga mai auna ƙasa wannan abincin wata guda ne. Ƙarshen cika ma shi ne ya fi ɓata lokaci, don batir lityom in ya kusa bolt 4.2 sai ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan. Na rijiya su ke son awa biyu. Don haka da su yake farawa: ya ɗora banki a kan na rijiya ya tafi harkar ban ruwa, in ya gama ya ɗauko ya biya wa ƙananan a hanyar komawa.

15 ga Maris

Azumi. Ban je garka ba tun 22 ga wancan wata, kuma ba kunnen da ya yi shiru. Auta na karɓar saƙo a wayar mai gadi duk Juma'a da yamma: lamba kaza da lamba kaza. Kawu ya aiko mini da buhun albasa, ya ce a gaya mini inji bai zuƙi iska ba ko sau ɗaya bana.

19 ga Afrilu

Bazara ta nuna mini ban gama ba. Lamba 3 ya mutu, da na buɗe sai wari mai ɗan zaƙi ya bugi hancina, kan batir ya yi tsatsa ya jiƙe. Lamba 2 da 9 kuma in sun cika da rana, kafin asuba sun zube. Duka masu pano ne, waɗanda ke cikin rana tsaka. Na inuwa, waɗanda na fi jin tausayi, ƙalau suke.

Na bar ma'aunin zafi cikin akwati guda. Ƙarfe biyu na rana ya haura digiri 60, a waje ana 43. Batir lityom irin wannan ba a so a yi masa caji in zafi ya wuce 45, kuma ba abin da ke tsufar da shi kamar a cika shi maƙil a bar shi cikin zafi. Abin da nake musu ke nan kullum: akwati na cin 5 a yini, pano na ɗura masa har wuya tun hantsi, ya yini a bolt 4.2 cikin tanda. Farantin cajin da nake amfani da shi, TP4056, yana da ƙafar da aka tanada don jin zafin batir, amma a faranti masu araha an haɗe ta da ƙasa, ba ta jin komai. Shi kansa ma rarar wutar pano zafi yake mayar da ita, a cikin akwatin da ba taga.

Wato yunwa na yi ta gudu tun Nuwamba, ƙoshi ya zo ya kashe mini uku.

26 ga Afrilu

Gyara uku. Ƙwaƙwalwa ce yanzu ke buɗe wa pano ƙofa, sai batir ya sauka ƙasa da bolt 3.7, ta rufe in ya kai 4.0, kuma ba ta buɗewa in zafin ciki ya wuce 40, wanda a wannan wata yana nufin daga fitowar rana zuwa hantsi kawai. An rasa kamar kashi ɗaya cikin biyar na cikin randa, ba wanda zai ji a jikinsa. Auta ma an ce ya riƙa ɗora faifansa bayan asuba, don shi ma yana ƙara ɗumi.

Akwatunan baƙaƙe ne, na shafe su da farin fenti, na ɗaga pano ya zama musu laima da tazarar yatsa huɗu don iska ta ratsa. Shi ma pano zafi na rage masa ƙarfi, kamar kashi 0.4 cikin ɗari ga kowane digiri sama da 25.

Na uku shawarar matar Kawu ce. Ta ce, "Ku da kuke neman sanyi, ga tukwane Miriya ta cika da su." Muka sayo ƙanana, muka binne kowace har wuya kusa da fangali, batir a ciki cikin leda, murfi a kai, waya ta fito ta hau zuwa akwati. Ƙasar ana ba ta ruwa kullum. Na auna cikin tukunya ƙarfe biyu: 33.

17 ga Mayu

Wani direban Kano ya kawo mini batir LiFePO4, wani nau'in lityom ne dabam, guda huɗu da na yi saƙo. Sun fi jure zafi, suna ɗaukar cika da juyewa sau dubbai, kuma bolt 3.2 ɗinsu ya yi daidai da bakin ESP32, ba sai an rage ba. Sai da na canza musu farantin caji, don su a 3.6 suke cika, TP4056 zai wuce da su. Na sa biyu a rijiyoyi.

Matsalarsu ta fito cikin mako biyu. Ƙarfinsu ba ya sauka a hankali kamar na da, yana tsaye wajen 3.2 zuwa 3.3 kusan duk tsawon tafiyar, sai dab da ƙarshe ya faɗa rami. Uwa ta duba ta ce rijiyar gabas na da sauran kwanaki, washegari ta yi shiru, ranar kuwa inji na aiki. Allah ya kiyaye mai gadi na kusa. Yanzu na rijiya ba a tambayar bolt ɗinsu, ƙidaya suke yi: sau nawa na farka, sau nawa na harba sauti, minti nawa aka yi mini caji. Lissafin na gocewa kaɗan-kaɗan, don haka sau ɗaya a wata Auta zai bar su su cika maƙil a sake ƙirga daga farko.

14 ga Yuni

Ruwan farko ya sauka daren jiya da iska mai ƙarfi. Gora ta karkata amma ba ta faɗi ba. Tukwane biyu sun sha ruwa ta gefen waya, ledar ce ta ceci batir. An ɗaga bakinsu sama da ƙasa da yatsa uku, an toshe ramin wayar da ƙaro. Panon da na jingina suna kallon kudu tun Nuwamba na kwantar da su kusan shimfiɗe, don tun ƙarshen Afrilu rana ta koma arewa da mu kuma sai tsakiyar Agusta za ta dawo. Na bar musu ɗan gangare don ruwa ya riƙa wanke su, tsumman Auta ya huta.

Daga 22 ga Fabrairu zuwa yau zuwana garka huɗu, uku a ciki na zafin Afrilu ne. Albasa ta tashi, Kawu zai sa masara a fangalin gabas, ya ce a cire masa kunnuwa shida a kai garkar surukinsa da ke hanyar Gidimuni. Can ba ɗakin mai gadi, ba kuma Auta. Zan je Asabar in ga inda za a kafa gora.